Injin gudu ne ke kayar da mutane, ko mu ne ba mu iya hawanshi ba?

Wai injin gudun nan da ya fara yawa a wuraren motsa jiki da gidajen masu hali a Damagaram, shi ne ke kayar da mutane yana lalata musu gwiwa, ko dai mu ne muke hawanshi ba mu san yadda yake aiki ba? Gardamar da ta tashi kenan a fadarmu kwanan nan, bayan wani bidiyo da ake ta turawa a WhatsApp, wani dattijo mai jiki ya hau, ko minti ɗaya bai cika ba injin ya watso shi baya ya bugu da bango, mutane na ta tura shi da alamar dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba, don na yi irin faɗuwar nan a satina na farko, fatar gwiwoyina duka biyu ta saluɓe, kwanaki ina sallah a zaune.

Fada ta rabu biyu. Wasu suka ce abin nasara ne kawai da ɓarnar kuɗi, mutum ya taka daga Birni zuwa Kasuwar Dole ya dawo mana, wasu kuma suka ce a'a inji ba shi da laifi. Shekara 3 kenan ina hawa tun da likita ya ce jinina ya hau, kuma na ga sababbi da yawa sun zo sun tahi, shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin yadda na fahimce shi.

Mi ne ne shi injin ma tukuna?

Yaran sal, wato wurin motsa jiki, suna ce mishi tapi. Bel ne mai faɗi da aka shimfiɗa bisa katako, mota ta lantarki na jan shi baya, kai kuma kana takawa gaba don kar ya tahi da kai. A gaba akwai allo mai nuna sauri da minti da nisa da kalori, sai maɓallin ƙara sauri, da na ɗaga gaban injin ya zama kamar kana hawan tudu.

Asalinshi ma ba na wasa ba ne. A 1818 wani injiniya a Ingila, William Cubitt, ya ƙera wani ƙaton gargare mai matakala da ƴan kaso ke takawa awa da awanni a matsayin horo, wani wuri ana niƙa hatsi ko jan ruwa da shi. Daga baya likitoci suka ɗauki dabarar, a 1963 wani likitan zuciya a Amurka, Robert Bruce, ya fito da tsarin gwajin da har yanzu ake yi, a ɗora mutum bisa inji, duk minti 3 a ƙara sauri da tudu, a ga inda zuciyarshi za ta nuna gazawa. Ku lura, da gangan ake matsa ma zuciya a gwajin nan, amma likita na tsaye da kayan aikinshi. Mu kuma sai mutum ya shigo ranar farko ya yi ma kanshi wannan gwajin shi kaɗai, babu kowa a gefe.

Abin da ya raba injin da hanya guda ne, kuma kusan duk kurakuran daga nan suke fitowa. In kana gudu bisa gudron ka gaji, ƙafarka da kanta za ta rage, ba sai ka yi shawara ba. Bisa inji kuwa mota ce ke yanke sauri, in ka sa 9 to 9 ɗin zai ci gaba da yi ko numfashinka ya ƙare, ko igiyar takalminka ta kwance, ko ka waiga an kira sunanka.

Minti na farko, inda aka fi faɗuwa

Sabon mai hawa yakan tsaya a tsakiyar bel ya danna maɓalli, bel ya fizge, ya yi taga-taga. Yadda ake yi, ka raba ƙafafu ka tsaya bisa dakalin gefe biyun nan da ba su motsi, ka kunna a mafi ƙarancin sauri, sai ka ga bel na tahiya a hankali sannan ka taka. Akwai kuma ɗan makulli mai maganaɗisu da igiya, galibi ja ne, ɗaya bakin a jikin allo ɗaya bakin kana maƙala shi a rigarka, da ka yi baya igiyar ta fizgo shi injin ya mutu. Wallahi a cikin mutum goma da wuya ka ga biyu sun maƙala, an naɗe igiyar a ƙarfe kamar ado. Ranar da na faɗi ban maƙala ba, ina ƙasa bel na ci gaba da gurzar gwiwata har sai da wani yaro ya ruga ya kashe, ciwon ma ba faɗuwar ta ji min ba, gurzar ce.

Sai maganar lambobi. Tahiya ta yau da kullum kilomita 4 zuwa 5 ce a awa, tahiya mai sauri kamar 6, daga 7 ko 8 an shiga sassarfa. Amma injinan da aka yi don kasuwar Amurka da mil suke lissafi, kuma mil 1 kilomita 1.6 ne, wato in ka sa 5 kana zaton tahiya ce, kilomita 8 ka sa. Mutum ya saba da inji guda ya koma wani sal ya danna lambar da ya saba, sai ya ji ƙasa ta gudu. Ka tambayi mai wurin kafin ka hau, ko ka duba allo.

Kuma a gaskiya babban abin da ke kayar da mu kunya ce. Ka shigo ka tarar da yaro ɗan shekara 20 na zuba gudu a injin gefe, kai ga ka da furfura kana tahiya kamar mai rakiyar amarya, sai zuciya ta ce ƙara. Na taɓa ji mai kula da sal na ce ma wani babban mutum "Alhaji don Allah a rage, yau ne farko", shi kuma ya ce "bari yaro, ai mun yi ƙwallo a zamaninmu". Ƙwallon shekara 25 da suka wuce ba ta cikin huhu yanzu. Haka ma samarinmu masu ɗaga ƙarfe, Damagaram an san mu da wannan, yaran Kara-Kara da sauran unguwanni sun daɗe suna haɗa ƙarfe da siminti da hannunsu suna gina ƙirji, amma ƙwanji daban numfashi daban, na ga ƙato ya sauko bayan minti 4 yana neman wurin zama. Minti 5 na farko a yi su a tahiya ta hankali jiki ya ɗumama, kowa ne kuwa.

Riƙe ƙarfe da kallon ƙafa

Ƙarfen gefe an yi shi ne don hawa da sauka da lokacin da ka ji za ka faɗi. Amma za ka ga mutum ya ɗaga tudu har 12, ya damƙe ƙarfen gaba ya jingina baya kamar mai jan guga, yana murna allo na ƙirga mishi kalori. Allon bai san ka rataya ba, lissafin wanda ke ɗauke da nauyinshi yake yi, kuma da ka jingina baya ka kashe tudun da ka ɗaga, sai dai ka tashi da ciwon kafaɗa da ƙugu. In ba za ka iya sakin hannu ba to saurin ko tudun ya fi ƙarfinka, ka rage. Tsoho ko mai jiri ko wanda ke murmurewa daga ciwo, shi kam ya riƙe abinshi a hankali, babu laifi.

Kallon ƙafa shi ma yana jawo jiri da ciwon wuya, ka kalli gabanka. Ga latsa waya, ga waiwaye a gaisa da wanda ya shigo, mu kuwa gaisuwa ba ta wuce mu, to ka amsa da baki kar ka juya jiki. Takunka kuma ya zama gajere, ƙafa ta sauka a ƙarƙashinka, masu miƙa ƙafa can gaba suna dira da dunduniya su ne ke kukan ƙwauri bayan sati.

Zufa ba kitse ba ce

Nan ne na fi son a tsaya, don nan ne nake ganin za a iya rasa rai. Akwai masu naɗe ciki da leda, akwai masu sa rigar sanyi ko rigar roba, har da masu cewa a kashe fanka don su yi zufa sosai wai tumbi ya narke. Ƴan'uwa, zufa ruwa ne da ɗan gishiri, jiki ke fitar da ita don ya huce. In ka hau sikeli ka ga kilo 1 ya tahi bayan awa guda, lita 1 ta ruwa ce ta fita, da ka sha ta dawo. Kuma zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a iska, in ka rufe ta da leda zafin yana nan ciki yana taruwa, jini na kauri, zuciya na ƙara bugu don ta kai shi ko'ina, ƙoda na wahala. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, cikin ɗaki mai rufin kwano, wannan wasa da rai ne.

Wani abin da ba a lura da shi, mai gudu a waje iska na bugun shi saboda yana ratsa ta, mai gudu bisa inji yana wuri ɗaya, iskar da ke kewaye da shi ita ce dai ya ɗumama. Don haka fanka dole ce, da ruwa a gefe ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Da azumi kuma ni ban ga dalilin hawa da rana tsaka ba, a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa, ko bayan asham.

To kitsen fa yaya yake tahiya? Kilo 1 na kitsen jiki wajen kalori 7,700 ne. Mutum mai kilo 70 in ya yi tahiyar minti 30 a kilomita 5, abin da zai ƙona bai wuce 120 zuwa 150 ba, kwalbar Coca-Cola ta santilita 33 kuwa wajen 140 ce. Wato ka sauko ka tsaya a shago ka sha lemu ɗaya mai sanyi, an yi canjaras. Ban ma kawo shayin fada ba, da irin sugan da muke zubawa zagaye uku, da fanke da ƙosai na safe. Shi ya sa mutum zai yi wata biyu ya ce injin ƙarya ne tumbi na nan. Injin ya yi aikinshi, zuciya ta ƙara ƙarfi, barci ya gyaru, suga da hawan jini sun fara saituwa, amma tumbi sai an haɗa da kwano. Kuma babu motsa jikin da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya cire, jiki daga ko'ina yake ɗiba, sau da yawa ma na cikin ne ke jinkiri a ido.

Abin da OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ce ma babba shi ne aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, kamar minti 30 sau 5, da kwana 2 na abin da ke ƙarfafa tsoka. Matsakaici kuwa ga ma'auninshi ba sai da agogo ba: kana iya magana da na gefenka amma ba ka iya rera waƙa. In magana ta gagara sai kalma ɗai-ɗai, ka wuce. Sabo ya fara da minti 10 ko 15, kwana 3 a sati, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Masu zuwa kullum awa guda a satin farko su ne ba a sake ganinsu a sati na uku.

Kaya da takalmi

Silifa ba ta hawa, ƙafa tsirara ma haka, bel yana zafi kuma yana gurza. Takalmin gudu ko na bosho ne ya isa in dai ƙasanshi bai cinye ba kuma bai matse yatsu ba, a ɗaure igiya da kyau a kakkaɓe yashi kafin a hau. Jallabiya da dogon zane da hijabi mai jan ƙasa suna iya shiga tsakanin bel da abin da ke juya shi a baya. Ƴan'uwa mata ba sai an bar sutura ba, wando mai kauri da riga zuwa gwiwa da hijabin da bai wuce ƙugu ba sun wadatar.

Kuran da ƙura da injin da aka sayo na hannu

Waɗanda suka ƙera injin nan ba su yi lissafin ɗaukewar kuran irin tamu ba. Kana cikin gudu wuta ta tahi, bel ya tsaya ko ya yi nauyi farat ɗaya, jikinka kuma bai tsaya ba, sai ka tahi gaba ka bugi allo. Mai tahiya a hankali zai tsira da ɗan tuntuɓe, mai gudu a 12 kuwa sai Allah. In ka ga wuta na rawa ko an koma bisa gurup ƙarami, ka tsaya a tahiya. Mai saye ya sa a gida ya haɗa da regilatar, abin da ƴan Kano ke ce ma sitabilaiza, ya kuma duba bayan injin, na Amurka da yawa na wuta 110 ko 120 ne, tamu kuwa 220 ce, in ka soka kai tsaye ka ƙona shi a ranar.

Ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙarƙashin bel da cikin mota, bel ya fara kamewa yana fizga, wannan fizgar ma tana kayar da mutum. A rufe shi da zane in an gama, a share ƙarƙashi, a sa man silikon da aka yi don shi, ba baƙin mai na moto ba. Kuma kar a manna bayanshi da bango, a bar fili kamar mita 2, dattijon cikin bidiyon nan da akwai fili a bayanshi da a ƙasa kawai zai zube.

To gwiwar fa, wa ke da gaskiya?

Masu cewa gudu na cinye gwiwa suna da abin da suka gani, mutane na zuwa lahiya lau su koma suna ɗingishi. Sai dai in ka bi labarin za ka tarar mutum ne mai kilo 100 da ya shekara 15 daga mota sai ofis sai tabarma, ya tashi rana ɗaya ya fara da gudu. Wani nazari da aka fitar a 2017 wanda ya tattara bincike da yawa ya samu ciwon sanyin gwiwa da ƙugu a wajen kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lahiya, a wajen marasa motsi kuwa kusan kashi 10, masu gudun gasa na shekara da shekaru kashi 13. Katakon injin ma yana ɗan lotsawa, ya fi gudron sauƙi ga gaɓoɓi. Mai nauyi ya fara da tahiya, in yana son ƙari ya ɗaga tudu kaɗan, gudu ya jira wata biyu ko uku. Ciwon tsoka na kwana biyu bayan farawa ba komai ba ne, amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, wannan a tsaya a nuna ma likita.

Su kuma masu cewa a taka a waje kyauta, ni ina tare da su fiye da rabi. Wanda ke noma ko tura kura ko yawon talla ba shi da buƙatar inji, kuma tahiyar asuba bayan sallah ba a biyan ko dala. Amma a tuna da matar da ba za ta iya fita titi tana sauri ana kallonta ba, da mai asma a lokacin ƙura, da tsohon da ke tsoron ƴan kabu-kabu da yashi da duwatsun unguwa, da ma'aikacin da ba ya tashi sai dare. Waɗannan inji ya yi musu rana. Abin da ba na so shi ne mutum ya zuba jikkuna masu yawa ya sayo, bayan wata ɗaya ya zama wurin shanya tawul, gara ya biya na wata guda a sal ya gwada kanshi tukuna.

Masu hawan jini da suga, da yadda ake sauka

Da yawanmu likita ne ya turo mu, to a koma a tambaye shi iya inda za a kai. A 2015 Dave Goldberg, mijin Sheryl Sandberg, babbar jami'a a kamfanin Facebook a lokacin, ya rasu a Meziko yana da shekara 47, an tarar da shi kwance kusa da injin motsa jiki, da farko duniya ta ɗauka faɗuwa ce ta kashe shi, daga baya binciken gawa ya nuna zuciya ce. Don haka nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke tahiya hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, numfashin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, bugun zuciya da ya rikice, ko ɗaya ka ji ka kashe inji a kai ka likita, kar ka ce bari in cika mintina.

Mai suga da ke allurar insulin ko shan irin su glibenclamide suganshi na iya faɗuwa yana kan hawa, ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi da yunwa, kar ya hau da cikin wofi kuma ya riƙe dabino ko sukari a aljihu, ya duba tafin ƙafarshi bayan ya cire takalmi don ƙaramin ƙurji a ƙafar mai suga ba ƙarami ba ne. Mai shan atenolol da danginshi kuma maganin na rage bugun zuciya, kar ya ce sai ya kai lambar da ya ga wani ya kai a allo.

Sauka ma ana kuskurenta. Kana gudu jini ya cika ƙafafu, tsokar sha-raɓa ce ke taya zuciya turo shi sama, in ka tsaya cak sai jinin ya kwanta ƙasa kai ya rasa, ka ga duhu-duhu. A rage sauri a hankali minti 3 zuwa 5, a bari bel ya tsaya sarai sannan a sauka, ba a dirowa yana tahiya. Ko ka sauka za ka ji kamar ƙasa na gudu na ɗan lokaci, ka dafa ƙarfe har ya wuce.

In inji ya shigo gida mai yara

Gidajenmu cike suke da yara, namu da na maƙwabta, kuma abin da ke motsi shi suke bi. Yaro na rarrafowa ta baya ba ka ganinshi, ya sa hannu a bakin bel, cikin daƙiƙa fata ta tahi kamar ƙunar wuta. A 2021 kamfanin Peloton a Amurka ya janye injinanshi wajen 125,000 bayan wani yaro ya rasu wasu da dama suka ji ciwo, bel na jan su ƙarƙashi. A 2009 ma ɗiyar ɗan damben nan Mike Tyson mai shekara 4 ta rasu, igiyar da ke rataye jikin injin gidansu ce ta shaƙe ta, injin ma ba ya aiki a lokacin.

Wata yayata da ta sayo nata saboda suga, ranar da aka kawo na je na tarar jikokinta uku sun hau suna jiran a kunna. Na ce "Yaya, wannan ba a tsakar gida zai zauna ba". Muka maida shi ɗaki mai ƙofa, muka juya shi yadda in tana kai fuskarta na kallon ƙofar, in za ta hau ta sa sakata, in ta gama ta zare wayar daga bango, ta cire ɗan makullin da igiyarshi ta sa a cikin jakarta.